Bakolori: Tsofaffin taswirorin da ke riƙe da garuruwan da ruwa ya ci

Duk wanda ya buɗe taswirar da ke cikin wayarsa ya nemi Talata Mafara, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne wani dogon shuɗin tabo a kudu maso gabashin garin. Tafkin Dam ɗin Bakolori ke nan, wanda ya mamaye hekta kusan 8,000, ya kuma miƙe kimanin kilomita 19 a kan Gulbin Sakkwato.

Ga matashin da aka haifa bayan 1980, tamkar dama can tafkin yana wurin. Amma a taswirar da aka buga kafin 1974 babu shi. Abin da ke wurin siririn layi ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, wato gulbin, sai fadama a gefe da gefensa, sai ɗige-ɗigen garuruwa da ƙauyuka da sunayensu.

Waɗannan tsofaffin takardu na cikin 'yan shaidun da suka rage na yadda kwarin yake, tun daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, har ƙauyukan da ke kewaye da su irin su Damri. Matsalar ita ce ba a hannun mutanen yankin suke ba, kuma dattawan da za su iya nuna abin da ke ƙarƙashin kowane ɗigo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Yadda aka zana kwarin

Zanen ƙasa a takarda ba Turawa ne suka kawo shi ƙasar Sakkwato ba. A 1824, lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma gida da wata taswira da aka zana a fadar Sarkin, mai nuna ƙasashe da hanyar Kogin Kwara da rubutun Larabci. An buga ta a Landan a 1826.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai zanen ya koma hannun hafsoshin soja da jami'an mulki. Suna tafe a kan doki da kamfas da agogo, suna ƙiyasta nisa daga tsawon tafiyar da suka yi, suna tambayar sunan kowane gari. Abin da ya fi damunsu haraji ne, shi ya sa rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi kan zo da zanen hannu mai nuna ƙauyuka da iyakar kowane hakimi. Fayilolin Lardin Sakkwato na wancan zamani suna Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Aikin awo na gaske ya zo ne da jirgin sama. A 1946 Birtaniya ta kafa hukumar awon ƙasashen da take mulka, wadda daga 1957 aka san ta da suna Directorate of Overseas Surveys. Tare da hukumar awon ƙasa ta tarayyar Najeriya, sun fitar da fallayen taswira masu ma'aunin 1:50,000 da 1:100,000, akasarinsu daga hotunan da aka ɗauka ta sama a shekarun 1950 da 1960.

Yadda ake yi shi ne, jirgi zai riƙa kai da kawo a miƙe yana ɗaukar hotuna, kowane hoto ya hau kan fiye da rabin wanda ya gabace shi. Idan aka jera biyu a ƙarƙashin wata na'ura mai gilashi biyu, sai mai kallo ya ga tudu ya taso, kwari ya faɗa, kamar yana leƙowa daga jirgin. Daga nan ake zana layukan da ke nuna tsayin ƙasa. A yawancin fallayen Najeriya na 1:50,000, tsakanin layi da layi ƙafa 50 ne, domin a lokacin da ƙafa ake awo, ba da mita ba.

Hoto dai ba ya faɗin sunan gari. Dole sai safiyo ya sauka ƙasa da takardunsa ya tambayi dagaci ko mai unguwa, ya rubuta yadda kunnensa ya ji. A nan ne haruffa masu ƙugiya suka ɓace: Ƙaura ta zama Kaura, Ɗan ya zama Dan. Mai neman garinsu a irin wannan taswira sai ya yi haƙuri da rubutun, ya riƙa furta sunan a baki kafin ya gane shi.

Sunayen kansu tarihi ne. Inda aka ga Birnin wane, akwai alamar an taɓa yin ganuwa. Tunga na nuna ƙaramin zangon manoma ko masunta da ya zama mazauni. Gidan wane na riƙe da sunan wanda ya fara saran wurin. Shi kuwa Sabon Gari, kamar Sabon Garin Damri a ƙaramar hukumar Bakura, sunan kaɗai ya isa ya nuna cewa akwai tsohon da aka taso daga gare shi ko aka raɓa. Idan aka jera taswirori biyu masu tazarar shekara 30, ana iya ganin wace tunga ce ta girma, wane gari ne ya zama kufai.

Abin da takardar ta gani, da wanda ya wuce ta

A ma'aunin 1:50,000, santimita biyu a takarda daidai suke da kilomita ɗaya a ƙasa. Falle guda na ɗaukar kimanin kilomita 27 ta kowace fuska. Da wannan lissafi, duk faɗin tafkin Bakolori kimanin rabin fallen takardar A4 ne.

A cikin wannan rabin falle ne mutum kimanin 13,000, bisa ƙiyasin da aka fi ambatawa, suke da gidaje da rumbuna da masallatai da maƙabartu.

Irin wannan taswira tana nuna gulbi da ƙoramu, tafkuna, wuraren da ruwa ke kwanciya da damina, hanyar mota da ta ƙafa, iyakar gandun dajin gwamnati, da inda gari yake. Ga injiniyan da ke son sanin inda ruwa zai tsaya idan aka tare gulbi, wannan ya wadatar matuƙa: sai ya bi layin tsayi guda da fensir, duk abin da ya faɗa ciki na ruwa ne.

Ga manomi kuwa ba ta ce komai ba. Gona mai rabin hekta, wato kusan mita 70 tsawo da faɗi, ba ta kai milimita ɗaya da rabi ba a takardar. Kan allura ke nan. Ballantana a ce za ta nuna cewa wannan gandu ne na gida, waccan gayauna ce ta ƙane, ta gefenta aro ce, ta bayanta kuma jingina aka bayar shekara bakwai da suka wuce ba a fansa ba tukuna.

Rajistar waɗannan abubuwa tana nan, sai dai ba a takarda ba. Tana jikin kuka da tsamiya da ɗorawar da ke bakin gona, da layin gamba da aka dasa a iyaka, da tsohuwar rijiya, da kuma kan dattawan da aka yi rabon gado a gabansu. Rugar Fulani da ke tashi bayan kaka, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, da gurbin da masunta suka san na gidan wane ne, su ma da wuya su samu shiga yadda ya kamata.

Wannan giɓi tsakanin abin da takarda ta sani da abin da jama'a suka sani ya taka rawa a abin da ya biyo baya.

Daga rahoton 1969 zuwa Birnin Tudu

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan kwarin Sakkwato bayan binciken ƙasa da ruwa na shekaru. Ta ba da shawarar a yi matsakaicin dam a Bakolori, a kuma bi abin a hankali don kada a rusa tsarin noman da mutane suka saba da shi.

Gwamnatin soja ta lokacin, da kuɗin man fetur ya fara shigo mata, ta zaɓi babba. Aka ba kamfanin Impresit Bakolori aikin, wanda gwamnatin tarayya ke da kashi 60 a cikinsa, wani reshen kamfanin Fiat na Italiya kuma ke da kashi 40. An fara gini a 1974, aka kammala dam ɗin a 1978: bango mai tsawon kilomita biyar da rabi, mai iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, da nufin shayar da hekta 23,000.

Mutanen da ke cikin kwarin da ruwa zai cika, ciki har da na tsohon garin Maradun, aka kwashe su zuwa sababbin matsugunai a kan tudu. Wanda ya saba da fadamar da ke ba shi shinkafa da damina, albasa da rani, sai ga shi a kan ƙasar da ba ta kai ta baya albarka ba.

Na ƙasan dam, inda za a shimfiɗa magudanan ban ruwa, tasu jarrabawar daban ce. Sai da aka karɓe gonakinsu domin katafila ta daidaita ƙasar, da alkawarin mayar musu idan an gama. Katafila kuwa ba ta san kukar iyaka ba. Ta tumɓuke itatuwa, ta share gamba, ta cike ramuka. Lokacin da aka zo mayar da gonaki, alamomin da kowa ke gane tasa da su babu su, wasu kuma sun yi damina fiye da ɗaya ba su shuka komai ba.

Masanin nan ɗan Birtaniya, William Adams, wanda ya yi bincike a yankin ya kuma wallafa sakamakonsa a 1985 da 1988, ya nuna cewa auna gonaki da biyan diyya da sake rabon ƙasa na cikin abubuwan da suka fi dagula aikin. Shi ma Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi rubutu a kan yadda rikicin ya kasance tsakanin manoma da hukuma da 'yan kwangila.

Manoma suka fara tare hanyoyin aiki. A watan Nuwamban 1979 Gwamnan Jihar Sakkwato, Shehu Kangiwa, ya yi alkawarin duba kokensu. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu majiyoyin sun ce sun haura 380.

Ba za a ce taswira ce ta kashe kowa ba. Amma aikin da aka tsara a kan takardar da ke ganin tsayin ƙasa ba ta ganin mai ƙasar, tun daga farko ya ɗauko rigima.

Fadamar da ta bushe

Akwai wata asarar da ba ta yi ƙara kamar ta Birnin Tudu ba, kuma a nan ne tsohuwar taswira ta fi amfani.

Kafin dam, duk damina gulbi kan cika ya malala cikin fadama, ya bar danshi da sabuwar ƙasa. Da wannan ambaliya ake noman shinkafa. Idan ruwa ya janye, sai a bi danshin da noman rani, ana ɗebo ruwa da jigo daga rijiyoyi marasa zurfi. Tafkunan da ambaliyar ta cika kuma su ne abincin masunta da mashayar dabbobi har bazara.

Da aka tare gulbin, ambaliyar ta ragu ƙwarai a garuruwan da ke ƙasa. Binciken da aka yi a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa daga cikin hekta 19,000 na fadamar da ke ƙasan aikin, noman shinkafa ya ragu da hekta 7,000, noman rani kuma da hekta 5,000. Gero da dawa suka maye gurbinsu, amfanin da bai kai su kuɗi ba. Kamun kifi ma ya ja baya.

Shi kuwa ban ruwan da aka yi duk wannan dominsa, bai cika alkawari ba. Na'urorin yayyafa ruwa da aka tanadar wa mafi yawan filin sun daina aiki, ta yadda zuwa 2003 kimanin hekta 7,500 kawai ake nomawa da ruwan magudana. Wannan ne ya sa Bakolori ta shiga cikin shirin TRIMING na gyaran ayyukan ban ruwa, wanda Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 dominsa a 2014.

Alamar fadama a tsohon falle tana nuna inda ruwa ya saba kwanciya tun kafin a taɓa gulbin. Wanda zai gina makaranta ko rukunin gidaje a gefen Bakura, ko zai haƙa rijiyar noman rani, yana da buƙatar sanin wannan. Shekarar da aka yi ruwa mai yawa har dam ya yi ambaliya, tsohuwar hanyarsa ruwan ke nema, ko da an yi shekara 40 ana noma gero a kanta.

Haka nan iyakokin gandun daji da fallayen suka nuna. A jihar da rigimar gona da kiwo ta zama ɗaya daga cikin tushen zubar da jini, takardar da ke nuna inda daji ya tsaya a shekarun 1960 ba abar wasa ba ce, ko da ba za ta raba gardama ita kaɗai ba.

Ina takardun suke?

A Najeriya, Ofishin Babban Safiyo na Tarayya da ke Abuja shi ne magajin fallayen. Jihar Zamfara kuwa sai ranar 1 ga Oktoban 1996 aka cire ta daga Sakkwato, don haka takardun aikin Bakolori na farko an yi su ne lokacin da Sakkwato ce hedikwata, a can kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da dam ɗin, take da mazauni.

Hotunan jirgin sama da hukumar awon Birtaniya ta tara, sama da miliyan ɗaya daga ƙasashe da dama, sun bi wata hanyar. An haɗe hukumar da ta awon ƙasar Birtaniya a 1984, hotunan kuma yanzu suna wata cibiyar adana hotunan sama da ke birnin Edinburgh. Su ne suka fi taswirar daraja, domin a hoto ana iya ganin shingen gida, da inuwar manyan itatuwa, da tsarin gonaki, abubuwan da mai zane ya zubar saboda ƙarancin wuri.

Akwai kuma abin da mai waya zai iya nema da kansa. Taurarin leƙen asirin Amurka da ake kira Corona sun ɗauki hotunan sassan duniya daga 1960 zuwa 1972, aka kuma cire musu takunkumin sirri a 1995. Tauraron Landsat na farko ya tashi a watan Yulin 1972, shekara biyu kafin a fara ginin dam. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka na ajiye da duka biyun a shafinta na EarthExplorer, kuma na Landsat kyauta ne tun 2008. Hotunan Landsat na farko ba su da kaifin nuna gida ɗaya, amma suna bambance koren fadama da farin tudu.

Mai son gwada tsohon falle da wayarsa sai ya kiyaye abu biyu. Na farko, an auna fallayen Najeriya ne daga wata alama da ke Minna, ita kuwa waya da ma'aunin duniya na zamani take aiki. Idan ba a daidaita su ba, wuri ɗaya kan goce da gomomin mitoci, abin da ya isa ya jefa kabarin kakan wani cikin gonar maƙwabci. Na biyu, an yanka fallayen ne bisa layukan digiri, ba bisa iyakar sarauta ba. Layin digiri 6 na gabas ya ratsa tsakanin Talata Mafara da Bakura, don haka garuruwan biyu ba sa kan falle ɗaya. Mai son ganin ƙasar Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Kayan Maradun a haɗe, sai ya jera fallaye da yawa a tabarma.

Tashi na biyu

Abin da ya sa batun ya zama na gaggawa shi ne yankin na fuskantar wani tashin, wannan karon ba ruwa ne ke korar mutane ba.

A watan Mayun 2022 'yan bindiga suka afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe, suka kashe aƙalla mutum 48. A watan Agustan 2025 suka sake shiga Sabon Garin Damri suka kwashe gomomin mutane. A sassa da dama na Maradun da Bakura da Talata Mafara, ƙananan ƙauyuka sun watse, mutanensu sun koma manyan garuruwa.

Hoton tauraron ɗan'adam na yau zai nuna rufin ɗakunan da suka rage, amma ba zai ce babu kowa a ciki ba. Bayan damina biyar ko shida, gidan ƙasa ya rushe, ciyawa ta rufe hanya, iyakar gona ta ɓace kamar yadda ta ɓace a ƙarƙashin katafila. Ranar da zaman lafiya ya dawo mutane suka koma, tambayar da ta tayar da ƙura a Bakolori za ta sake tasowa: ina gonar wane ta tsaya?

Aikin da ake buƙata ba mai tsada ba ne idan aka gwada da kuɗin gyaran magudana. A samo kwafin fallayen da hotunan, a buga su da girma, a shimfiɗa a gaban dattawan kowane gari, a zaure ko a inda suke gudun hijira. Su nuna inda kasuwa take, da maƙabarta, da mashaya, da sunan kowace fadama da kowane tafki, a rubuta da Hausa daidai da ƙugiyoyinta, a ajiye kwafi a fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talata Mafara za su iya ɗaukar wani ɓangare na aikin a matsayin binciken kammala karatu.

Wanda yake ɗan shekara 20 lokacin da motocin Impresit suka iso a 1974, ya yi noma a fadamar da ke ƙarƙashin tafkin, ya kuma san wace kuka ce iyakar gonar gidansu, yau ya haura shekara 70.